Inci Uku a Rijiyar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Bakura ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin Gwaggo, yayarsa, wadda ke aure a Kaya can wajen Maradun. A hannunta na girma, a can na shiga makaranta. In na zo gida hutu, ina zaune a gabansa zai juya ya tambayi wani, "Baƙon ga ya ci abinci?" Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taras ana yi. Har na zama malamin firamare a Talata Mafara, na yi aure na tara iyali, sunana a bakinsa bai wuce "malamin Mafara" ba, shi ma ga wani yake faɗa. Ni ma ba na ɗaga ido in tambaye shi komai bayan gaisuwa. In magana ta yi nauyi, sai ta bi ta bakin Gwaggo, daga gare shi zuwa gare ni, ko daga gare ni zuwa gare shi.

A bayan gidanmu, inda tudu ke gangarawa fadama, Baba yana da lambu. Ba wani babba ba ne. Mangwaro uku ne da kakana ya dasa, da lemun tsami, da gwaiba, sai fangalin albasa da tattasai a tsakani. A tsakiya akwai rijiyar da kakan nawa ya haƙa, ya ɗaure cikinta da itacen ƙirya saboda ƙasar wurin yashi ce. Da can ruwanta a kusa yake, da jigo ake ɗiba.

Da aka datse gulbi a Bakolori, mu ruwa bai ci gidajenmu ba kamar yadda ya yi wa mutanen saman gulbi. Namu ciwon daban ne, ruwan ne ya daina zuwa. Cikar gulbi da ke malale fadama kowace damina ta ɗauke. Magudanan siminti da aka gina suka bi ta wani gefen, ba su iso mu ba. Gonar shinkafar Baba ta koma faƙo a kan idonsa. Abin da ya rage masa a duniya wanda zai tashi da safe dominsa shi ne lambun nan, lambun kuma ba shi da rai sai rijiyar. Ita ma kowace shekara ruwanta ƙara yin ƙasa yake, har jigo ya daina kaiwa, Baba ya koma guga da igiya.

Wata ranar Alhamis da rani na zo gida a babur, na leƙa ta saman danga na gan shi. Tsoho mai furfura, yana jan guga da hannu, ya juye a tulu, ya saɓa, ya kai gindin itace, ya dawo. Tafin hannunsa duk ya tsage. Da hantsi ya yi sai ya ajiye gugan ya koma gindin mangwaro ya zauna, bai sake taɓa igiya ba sai bayan la'asar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ga ni da albashi, ina sa farar riga ina zaga allo, ubana yana jan ruwa har ƙarfinsa ya ƙare tun rana ba ta yi tsaka ba. Gajiya na ɗauka ke zaunar da shi. Ban tambayi kowa ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In hau babur in je Kaya in ce wa Gwaggo ina so in saya wa Baba injin ban ruwa, ta tambayo mini shi wane iri ne zai yi. Kaya ba nisa ba ce ga mai babur. Ban je ba. So nake a wayi gari kawai a ga inji a ƙofar gida, a ce ai ɗan nan da aka ba Gwaggo bai manta gidan ubansa ba. Suna nake nema, in dai za a faɗi gaskiya.

A lokacin injuna sun fara cika Mafara. Akwai wani mutum kusa da kasuwa, dā makanike ne a wurin aikin madatsar, da aiki ya ƙare ya buɗe shago. Ranar Talata na je wurinsa, kasuwa ta cika, mutane na zaune a bencin ƙofar shagon, har da malamai biyu da muke aiki tare. Ga injin feshi na goyo, ga zarto mai inji a rataye, ga injunan ban ruwa a jere a ƙasa, ƙanana masu bakin inci biyu, da wani ƙato mai inci uku, ja, yana ƙyalli. Idona a kansa ya sauka tun daga bakin ƙofa.

Bayan mun gaisa, mai shagon ya ce, "Malam, gulbi za ka ja ko rijiya?"

Na ce rijiya.

Ya ce, "Ta siminti ko ta itace?"

Na ce ta itace.

Ya ce, "To idonta fa? Guga nawa take badawa kahin ta tsaya?"

Wallahi ban ma san rijiya na tsayawa ba. A Kaya na girma, Gwaggo ba ta da lambu, ban taɓa jan guga a rijiyar nan ba ko sau ɗaya. Amma in buɗe baki gaban abokan aikina in ce ban san rijiyar gidan ubana ba? Sai na ce masa rijiyar kakana ce, tun da aka haƙa ta ba ta taɓa ƙafewa ba.

Ya ce, "Ba ƙahewa nika nuhi ba. Kowace rijiya da yadda ido ke kawo mata ruwa. In ka ja fiye da abin da ke shigowa, yashi za ka jawo. Ɗauki ƙaramin ga, shi ma kada ka buɗe mashi wuta. In da ni na, sai in tai in tambayo tsoho tukuna."

Kalmar nan ta "tambayo tsoho" ita ta tunzura ni. Shi bai san ya taɓa mini gyambo ba. Na ce masa ba shawara na zo saye ba, inji na zo saye, in ƙaramin ne ya kwana masa yake neman inda zai sauke shi, ya nemi wani. Ɗaya daga cikin malaman ya yi dariya ya ce, "Ka taɓo mai zuciya a kusa." Mai shagon ya jawo jan injin, ya haɗo tiyo biyu, na zuƙa da na fitarwa, ya nuna mini yadda ake ɗura masa ruwa kafin a ja igiya. Da zan fita ya ce, "In ka ga ruwa ya sake launi, kashe shi." Ban ko waiwayo ba.

Da aka ba mu hutu na ɗora shi a a-kori-kura na kai gida. Maƙwabta suka taru. Mata suna leƙe ta danga, Inna mahaifiyata na cikinsu, ta ja mayafi tana ɓoye murmushi. Baba ya fito daga zaure, ya zaga injin sau ɗaya, ya duƙa ya ɗaga bakin tiyon zuƙa ya auna shi da dunƙulen hannunsa. Sannan ya juya wurin wani tsohon abokinsa da ke tsaye, ya ce, "Allah shi yi ma malamin Mafara albarka. Amma rijiyarmu tsohuwa ta, ba ta son gaggawa."

Abokin ya yi dariya ya ce, "Kai dai tsoron inji kaka yi." Kowa ya yi dariya, maganar ta wuce.

Na ji shi sarai. Ba kurma ba ne ni, kuma ga gargaɗin mai shago bai gama fita kunnena ba. Amma ba da ni aka yi maganar ba, da abokinsa aka yi, sai na laɓe a bayan wannan. Na ce wa raina in da hanawa yake so ya yi, ai da ya hana. Alhali na san ba zai iya ba. Uba ba ya duban ɗan farinsa gaban jama'a ya ce kayan da ka kawo ba su yi ba. Iyakar abin da al'ada ta bar masa ke nan, ya jefa magana gefe, ni kuma in sunkuya in ɗauka. Na ƙi sunkuyawa.

Muka saukar da tiyo, na ɗura ruwa, na ja igiya. A ja na uku ya kama. Ruwa ya fito da kauri kamar cinyar mutum, ya bi fangali yana gudu. Aikin da ke cin wa Baba safiya guda, kafin a gama mamaki an gama shi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗi a gidan nan kamar na wannan lokacin ba. Can sai muryar injin ta sake, ruwan ya yi ja, ya soma tofo yashi, sannan ya koma shaƙar iska. Na kashe. Na leƙa rijiya, babu komai sai laka tana walƙiya a ƙasa.

Kafin la'asar ta ɗan taru, na sake tayarwa. Washegari ma haka, safe da yamma. Duk lokacin da na tayar sai ruwan ya fi saurin yin ja, ni kuma sai in bar shi ya ɗan ƙara, wai in ga ko zai washe. A inda tiyo ke zubarwa farin yashi ya fara tsibi. Rana ta biyu na hango Baba ya duƙa ya ɗebi yashin a hannu, ya daɗe yana murzawa, ya je bakin danga ya nuna wa Inna. Na ji yana cewa, "Wanga daga bayan itacen yaka hitowa." Daga nan ya daina shiga lambun in ina ciki. Ashe a ranar ya sami mai zuwa Maradun ya ba shi saƙo a kira Gwaggo. Ni ban sani ba. Na ɗauka fushi yake don an raba shi da gugansa, har ina cewa a raina tsofaffi ba a iya musu.

Rana ta huɗu da hantsi, inji na aiki, na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Bakin rijiyar ya tsage ta gabas. Na yi tsalle baya. Sai wani ƙara mai nauyi daga ciki, itatuwan ƙiryar da kakana ya jera suka karkata suka haɗe, ƙasa ta bi su. Ramin ya tafi da rabin tiyon zuƙa. Injin ya ci gaba da ihu shi kaɗai har na tuna na kashe shi. Da ƙura ta lafa, inda rijiya take ya zama wani kwari mai faɗi, ruwa kaɗan ya tsatso a tsakiya ya koma.

Baba ya zo ya tsaya a bakin wurin. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ɗauki gugansa da ke rataye a reshen gwaiba, ya naɗe igiyar a hannu a hankali, ya shige gida. Ni na zauna a ƙasa kusa da injin, warin fetur na hawa mini kai. Da ƙasar ta haɗa da ni da ta yi mini gata.

Gwaggo ta iso washegari da azahar. Saƙo ya yi kwana biyu kafin ya same ta, ita kuma ƙafa ta tsufa, sai da ta jira mota. Ta shiga wurin ƙanenta suka daɗe, sannan ta fito ta kira ni bayan ɗaki. Ta riga ta ga ramin. Duk da haka ta ce, "Zauna in ba ka saƙonka, amana ta."

Na ce, "Gwaggo, mi ya rage kuma?"

Ta ce, "Zauna na ce. Ya ce in hwaɗa maka, rijiyag ga guga arba'in take badawa da sahe, sai a bar ta ta huta, ta ba da arba'in da la'asar. Zaman da kaka gani shina yi gindin mangwaro ba gajiya ba ta, jiran rijiya shika yi. Ya ce in roƙe ka ka mai da injin a ba ka ƙarami, ko ka bar shi da gugansa, ya gode." Sannan ta ƙara da nata. "Kai kuma, ɗan nema, ni na raine ka. Ƙafarka ta karye ne da ba ka zo ka tambaye ni ba?"

Kuka na yi, ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya. Ita ko rarrashina ba ta yi ba, kuma ta yi daidai.

Na ɗauko masu haƙar rijiya daga Garbadu. Suka duba tsohon ramin suka ce ba mai shiga nan, yashin ya riga ya kwance, in ka kwashe kwando ɗaya biyu za su zubo. Suka koma gefen tudu inda ƙasa ta fi ƙarfi, suka yi ta haƙa har gaba shida, wato tsayin mutum shida, kafin su ga danshi. Ruwan da suka samu ɗan kaɗan ne, ko na shan gida da ƙyar. Na jawo injin na gwada, ya yi ta gurnani bai ɗago ko ɗigo ba. Na koma wurin mai shago da kunyata, ya ce ai irin waɗannan ba sa zuƙo ruwan da ya wuce gaba huɗu, babba da ƙarami duk ɗaya. Bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa da na sami wanda zan yi wa faɗa. Aka ture injin a lungun zaure, aka rufa masa tsohuwar tabarma.

Baba bai saki lambun nan da nan ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ya koma ɗebo ruwa da jaki daga kwarin gulbi, inda ake tonon yashi a samu ɗan abin da ya taru. Tafiya ce mai nisa, sawu biyu yake iya yi a yini. Ruwan sawu biyu ba ya isar lambu, sai ya fara zaɓe. Albasa da tattasai ya fara bari. Sannan gwaiba. Shekara ta zagayo, damina ta yi gardama kamar yadda ta riƙa yi a shekarun nan, ya bar lemun tsami. In na zo ranar Alhamis sai in karɓi jakin ba tare da mun yi magana ba, in yi sawu uku, in juye inda na ga gindin da danshi, don ta haka nake gane waɗanda bai riga ya sallama ba. Mangwarorin daga sama suka fara bushewa, reshe bayan reshe, gara ta shiga.

Mutane sun sha ce mini in daina ɗora wa kaina. Wai ruwan ƙasar duk tafiya yake yi tun da aka datse gulbi, rijiyoyin maƙwabta ma sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tamu ko ba inji ba za ta wuce shekara biyu ko uku ba. Wataƙila gaskiya ne. Amma shekara uku ga tsoho ba abin wasa ba ce, ni kuma a kwana huɗu na cinye masa su.

A rani na uku babban mangwaron ya mutu tsaye, ya karkata kan ɗakin Inna. In iskar farkon damina ta same shi a haka, ɗakin zai tafi. Gatari ba zai yi ba, don in aka sare shi daga gindi kan ɗakin zai faɗa, sai an bi shi reshe reshe daga sama. Gwaggo ta aiko mini har Mafara cewa Baba ya ce in nemo mai zarton inji, tun da ni na san kan injuna. Na juya maganar nan a raina kwana da kwanaki ina neman habaici a ciki, ban samu ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa.

Wannan karon na yi tambaya har mai shago ya gaji da ni. Wane zarto ne zai iya busasshen mangwaro, wa ya iya hawa da shi, ta ina ake fara yanka. Ya haɗa ni da wani mutum mai hankali, na goyo shi a babur da zartonsa da jarkar mai. Ya dubi itatuwan ya ce sauran biyun ma sun gama, gara a sauke su gaba ɗaya kafin su faɗo wa wani. Aka shiga aka faɗa wa Baba, ya aiko cewa a yi. Bai fito ba. Yana zaune a zaure tun safe har la'asar, ƙarar zarton na cika gari. Itacen da ya shekara fiye da sittin yana tsaye, kafin rana ta faɗi ya zama gumagumai a jere a jikin danga. Gidan ya yi wani irin haske marar daɗi, kana tsakar gida kana hango faƙon fadama har ƙarshensa.

Da mai zarton ya gama ya shiga zaure yin sallama, ina biye da shi riƙe da jarkarsa. Ya durƙusa suka gaisa, ya yi wa Baba jaje. Sannan, don dai kada a yi shiru, ya ce, "Baba, na ga wani rami tsakiyar lambun. Rijiya ta a da? Mi ya same ta?"

Na tsaya cik a bakin ƙofa. Injin yana nan a lungu, tabarmar ta zame, jan fentinsa a fili.

Baba ya ce, "Ruwa na ya yi ƙasa. Duk ƙasag ga haka ta koma."

Haka ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaya. Na so ya zage ni ko sau ɗaya, ko ta bakin wani ne, in san an biya. Bai yi ba. Bayan an sare itatuwan ya daina fita bayan gida, daga zaure sai masallaci, jikinsa ya yi ta zubewa ba tare da wani ciwo da za a nuna ba. Da na ga inda abin ya dosa, na hau babur na je Kaya na ɗauko Gwaggo, na ce ta shiga ta roƙar mini gafara a kan rijiyar. Na zauna a waje kan ɗaya daga cikin gumaguman ina jira. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara mayafi, ta ce ya ce a gaishe ni, amma shi bai san laifin da ake magana a kai ba.